Lasisin Tuƙi a Cikin Waya: Ina Ya Dace a Yi Gwajin?

Lasisin tuƙi, wanda direbobi suka fi sani da lasin, shaida ce da hukuma take bai wa mutum domin tabbatar da cewa ya cancanci ya hau titi da abin hawa. A da ɗan littafi ne, daga baya ya koma katin roba mai ɗauke da hoto da suna da rukunin abin hawan da aka yarje wa mutum ya tuƙa da kuma ranar ƙarewar wa'adi. A yau wasu ƙasashe sun ɗauke shi daga aljihu sun sanya shi cikin wayar salula, ta yadda idan jami'i ya tsayar da direba, waya zai fito da ita. Ƙasar Birazil ta fara haka a shekarar 2017, jihar Luwiziyana ta Amurka ta biyo baya a 2018, Nowe kuma a 2019. A Indiya, wadda ta fi kama da Nijeriya ta fuskar yawan jama'a da talauci da cunkoson hanya, ma'aikatar sufuri ta umarci jihohi a shekarar 2018 da su karɓi lasisin da aka nuna ta manhajar DigiLocker tamkar katin asali.

Nijeriya ma ta ɗauki wannan hanya. Tun a shekarar 2011 aka fito da sabon lasisi mai haɗe da hoton fuska da zanen yatsu, wanda ake adana bayanansa a rumbu guda na ƙasa baki ɗaya. A 2024 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ƙaddamar da manhajar waya da za a iya tantance ingancin lasisi da lambar mota da ita. Hukumar NIMC kuwa ta riga ta fito da manhajar da ɗan ƙasa zai nuna shaidarsa a fuskar waya. Duk wanda ya ga an haƙa harsashi an jera tubali, ya san ɗaki za a tayar. Saboda haka muhawara a kan ko za a zo ga lasisin waya ta kusa zama ɓata lokaci. Abin da ya rage a yi muhawara a kansa shi ne inda za a gwada shi, da kuma mutanen da za a gwada shi a kansu. Matsayin wannan muƙala shi ne a yi gwajin, domin akwai alheri a ciki, amma a yi shi a wuri irin Kiyako ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu a jihar Jigawa, tare da direbobin da suke zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da kasuwar Sara. Abin da ya yi aiki a can zai yi aiki a Abuja, amma ba a da tabbacin akasin haka.

Mene Ne Lasisin Waya?

Ya kamata a fara kawar da wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum ya ɗauki hoton katinsa da waya ya ajiye, wannan hoto ne kawai, kuma kowane yaro da ya iya kwamfuta zai iya canza masa suna ko fuska cikin ɗan lokaci. Lasisin waya na gaskiya wani abu ne daban. Hukumar da take bayar da lasisi ce take tura bayanan direba cikin wayarsa, bayan ta buga musu wani hatimi na lissafi wanda ita kaɗai take da mabuɗinsa. Idan aka taɓa ko da harafi ɗaya na bayanan, hatimin ya lalace, na'urar jami'i za ta ƙi karɓa. A shekarar 2021 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida a kan wannan tsari mai lamba ISO/IEC 18013-5. Bisa wannan ƙa'ida, direba zai buɗe manhaja, wani tambari mai ɗige-ɗige da ake kira QR ya bayyana, jami'i ya haska shi da tasa na'urar, sai bayanan su tsallaka daga waya zuwa na'ura kai tsaye. Abubuwa biyu ne suka fi muhimmanci a nan: tantancewar tana iya yiwuwa ko da babu sabis a wurin, sannan ba a buƙatar waya ta bar hannun mai ita.

Abin da Direba Zai Samu

Babbar damuwar mai neman lasisi a Nijeriya ita ce jira. Hukumomi uku ne suke da hannu a cikin aikin: hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, da jami'an duba ababan hawa da aka fi sani da VIO, da kuma FRSC wadda take ɗaukar hoto ta buga kati. Bayan mutum ya biya kuɗi an ɗauki hotonsa, takardar wucin gadi ake ba shi mai wa'adin kwana 60, da alƙawarin kati zai iso kafin ta ƙare. Sau da yawa takardar takan ƙare, ta yage saboda ninki da gumi, kati bai zo ba. Hukumar da kanta ba ta ɓoye wannan ba. A watan Oktoba na 2025 ta bayyana cewa lasisin da suka taru ba a buga ba sun kai 800,000 kafin a rage su zuwa 400,000. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutum ne da ya bi doka, ya biya kuɗinsa, amma idan ya iso shinge sai ya yi ta rantse-rantse kamar mai laifi. Ga direban da yake zaune a Kiyako, kowace tafiya zuwa ofis domin tambayar ko kati ya iso tana nufin asarar lodin yini guda, ban da kuɗin mai. Lasisin waya ba ya jiran injin buga kati, ba ya jiran motar da za ta kawo shi. Da zarar an amince da sunan mutum a rumbun bayanai, shaidarsa ta iso gare shi a ranar.

Na biyu shi ne maganin jabu. Yawancin masu riƙe da lasisin jabu ba da gangan suka yi ba. Mutum ne ya ga hanya ta yi tsawo, wani dillali a tasha ko a bakin ofis ya ce ya kawo kuɗi da hoto, bayan mako guda ya miƙo masa kati mai sheƙi. Ba zai san an cuce shi ba sai ranar da aka binciki lambar aka tarar babu ita, ko kuma tana ɗauke da sunan wani. Dillali yana iya buga roba, amma ba zai iya buga hatimin hukuma a cikin waya ba.

Na uku ya shafi abin da yake faruwa a shinge. Direbobi sun san cewa da zarar kati ya shiga hannun jami'i, ciniki ya koma hannunsa, domin ba mai iya tafiya ya bar lasisinsa. A nan ne maganar na goro takan samu ƙofa. Al'amarin ya kai har gaban shari'a, inda a 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara da take zama a Owerri ta yanke hukuncin cewa ƙwace lasisin direba ba tare da hujjar doka ba tauye haƙƙi ne. To amma direban da ya ɗauko buhunan gero da sassafe yana sauri ya riski kasuwa ba shi da lauya, ba shi da lokacin zuwa kotu. Shaidar da ake haskawa daga nesa, wadda ba a karɓa balle a jefa a aljihu, ta fi masa hukuncin kotu amfani. Jami'i mai gaskiya ma ya huta da zargi, tun da na'ura za ta rubuta wanda aka tsayar da lokacin da aka tsayar da shi.

Dalilin Zaɓen Kiyako

Duk waɗannan fa'idoji an gina su ne a kan zato guda: cewa direba yana da babbar waya, tana da caji, tana hannunsa, kuma ya iya karanta abin da ta nuna masa. A ofisoshin Abuja wannan zato gaskiya ne, shi ya sa gwajin da aka yi a can zai ba da sakamako mai daɗin ji maras amfani. A ƙauyukan kudancin Jigawa kowane yanki na zaton yana buƙatar bincike.

A ɗauki ita kanta wayar. Ɗan acaɓa da direban motar kasuwa da yawa ƙaramar waya mai maɓallai suke riƙewa, ba don ƙauyanci ba, sai don ta fi dacewa da aikinsu: tana kwana biyu ko uku ba a yi mata caji ba, ta faɗi a kwalta a ɗauka a kakkaɓe, idan ta ɓata kuma asarar ba ta karya jari. Irin wannan waya ba ta ɗaukar manhaja. Wanda yake da babbar waya kuwa, sau da yawa ba shi kaɗai yake amfani da ita ba. Yau tana wajen ƙane zai cike fom ɗin makaranta, gobe an bar wa uwargida saboda ana jiran kira daga asibiti, jibi an jinginar da ita an sayi taya. Katin roba ba a aronsa, domin ba shi da amfani ga kowa sai mai shi. Waya kuwa kayan gida ce, kamar rediyo ko fitila. Tsarin da ya ɗauka cewa mutum ɗaya waya ɗaya, bai san yadda ake zaman gidan gandu ba.

Sai maganar wuta. A garuruwan da wutar lantarki take zuwa jefi-jefi, ko ba ta zuwa sam, cajin waya sana'a ce mai zaman kanta. Mai shagon caji yakan tayar da janareta ko ya kafa faranti mai zuƙar hasken rana, ya jera wayoyin unguwa yana karɓar kuɗi a kan kowace. Gaskiya ne direban mota yana iya yin caji a motarsa, amma tsohuwar motar kasuwa wadda sai an tura take tashi ba kullum take da wannan gata ba, ɗan acaɓa kuwa ya fi shi wahala. Tambayar da dole doka ta amsa tun kafin a fara ita ce: mutumin da yake da lasisi ingantacce, wayarsa ta mutu a hanya, mai laifi ne ko ba mai laifi ba ne? Idan aka bar amsar ga ganin damar jami'in da yake bakin hanya, to an toshe ƙofar na goro ta gaba an buɗe ta baya. Abin da ya dace shi ne lambar lasisi ko lambar NIN da direba zai faɗa da bakinsa ta wadatar, jami'i ya bincika a tasa na'urar ya ga fuskar mai magana. Wato nauyin tantancewa ya hau kan hukuma, wadda take da kasafin kuɗi, a sauke shi daga kan batirin talaka.

Game da sabis kuwa, mutanen karkara ba sa buƙatar a yi musu bayani, domin sun ɗanɗana. A farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya canza fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. A kasuwannin ƙauye mai saye yakan ce ya tura, mai sayarwa ya ce bai gani ba, su yi cirko-cirko kowa yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Manoma da masu dabbobi da yawa sun karyar da kayansu ga duk mai tsaba a hannu. Kafin wannan, a zaɓen 28 ga Maris 2015, na'urar tantance katin zaɓe ta ƙi karɓar shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, har sai da hukumar zaɓe ta yarda a koma tantancewa da hannu a inda na'ura ta gaza. Idan na'ura ta iya yi wa shugaban ƙasa gardama a gaban 'yan jarida, me za ta yi wa manomin da fartanya ta shafe zanen yatsunsa? Ba a kawo waɗannan misalai don a ce fasaha ba ta da amfani ba. Tura kuɗi ta waya ya zauna daram, masu POS sun cika ko'ina. An kawo su ne don a nuna cewa duk lokacin da aka rufe tsohuwar hanya kafin sabuwa ta yi ƙwari, na ƙauye ne yake biyan kuɗin koyo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da ƙa'idar duniya ta tanadi tantancewa ba tare da sabis ba, bai kamata Nijeriya ta karɓi manhajar da ta gaza haka ba, kuma wurin da za a gane ta gaza shi ne dajin da ke tsakanin gari da gari, inda sandunan sabis suke ɓacewa daga fuskar waya.

Akwai kuma harshe. Direbobi da yawa a wannan yanki almajirai ne da suka yi karatun allo, suna karanta ajami, suna lissafin kuɗin lodi da ka ba tare da kuskure ba, amma Turanci ba nasu ba ne. Manhajar da take magana da Turanci kaɗai za ta mayar da su hannun dillalin da aka ce za a raba su da shi, sai dai wannan karon yana zaune a shagon kwamfuta, kuma har da lambar sirrin wayarsu zai riƙe. Sanya Hausa a cikin manhaja, da murya mai karanta umarni, ba alfarma ba ce a jihar da kusan kowa da Hausa yake ciniki.

Jigawa ba baƙuwar irin wannan gwaji ba ce. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta shiga harkar fasahar sadarwa da ƙarfi, har aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, a lokacin da wayar salula kanta, wadda ta shigo ƙasar a 2001, ba ta gama isa ƙauyuka ba. An yi ta muhawara a kan ko abin ya dace da jihar manoma. Ko ma wane ɓangare mutum ya ɗauka, jihar ta san daɗi da ɗacin shigo da sabon abu cikin karkara.

Waya a Hannun Wa?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar taka-tsantsan, kuma shi ne aka fi saurin tsallakewa. Kati ba ya ɗauke da komai sai abin da aka rubuta a jikinsa. Waya kuwa tana ɗauke da asusun banki, da saƙonnin iyali, da hotunan matan aure da 'ya'ya, da sirrin ciniki. A al'adar Bahaushe, baƙo ba ya wuce zaure sai da izini, to miƙa wa baƙo buɗaɗɗiyar waya daidai yake da shigar da shi har ƙuryar ɗaki. Binciken wayoyin matasa a kan hanya yana cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020, kuma a farkon wannan watan Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya haramta wa jami'ansa binciken waya barkatai. Idan aka zo da tsarin da zai sa kowane direba ya buɗe wayarsa a kowane shinge, ba tare da doka ta fito fili ta ce jami'i ba shi da ikon karɓar ta ba, to an halatta ta taga abin da aka haramta ta ƙofa.

Sannan duk tantancewar da aka yi tana barin sawu. Idan aka tara waɗannan sawaye, za a iya sanin inda mutum ya bi da ranar da ya bi. Wannan yana iya taimakawa wajen kama ɓarayin mota, yana kuma iya zama makami a hannun wanda ba shi da amana. Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukuma domin wannan aiki. Ya kamata hukumar ta kasance a wurin gwajin tun ranar farko, ta faɗi wanda zai ga bayanan, da tsawon lokacin da za a ajiye su, da hukuncin wanda ya sayar da su.

Wanda Ba Shi da Lasisin Fa?

Masu sukar wannan ra'ayi za su ce ana maganar inda za a ajiye lasisi alhali da yawa daga masu hawa babur a karkara ba su taɓa mallakarsa ba. Wannan suka tana da ƙarfi. Yaro yakan koyi babur a hanyar gona, yaron mota yakan koyi tuƙi a hannun maigidansa, daga wanke mota zuwa juya ta a tasha, har ranar da za a miƙa masa makulli. Daga watan Yuni na 2025 kuɗin lasisin mota ya koma naira 15,000 na shekara uku da 21,000 na shekara biyar, na babur da mai ƙafa uku kuma 7,000 da 11,000, ban da kuɗin makarantar koyon tuƙi da na zirga-zirga. Sanya lasisi a waya ba zai rage gudun wuce sa'a ba, ba zai hana lodin mutane a kan kaya ba, ba zai gyara birki ba. An kafa FRSC a 1988 ne domin rage mutuwa a kan hanya, kuma da wannan ma'auni za a auna duk wani sabon abu da ta kawo.

Sai dai sukar ba ta rushe gwajin ba, ta nuna yadda ya kamata a tsara shi ne. Idan an daina dogaro da buga kati da jigilarsa, babu dalilin da zai hana ayarin jami'ai su zo tasha ranar kasuwa da na'urar ɗaukar hoto, tare da haɗin kan ƙungiyar direbobi ta NURTW da shugabannin 'yan acaɓa da masu unguwanni, su gwada tuƙin mutum da ganinsa a nan take, wanda ya ci a shigar da sunansa. Mai babbar waya ya karɓi nasa a waya, mai ƙarama a tura masa lambarsa ta saƙon tes, mai son kati ya jira katinsa ba tare da fargabar shinge ba. A bar tsarin ya yi shekara guda cur, ya ga ƙurar hunturu da zafin bazara da ruwan Agusta mai yanke hanyoyi. A ƙarshen shekara a ƙirga mutum nawa suka samu lasisi karo na farko, sau nawa na'ura ta kasa tantancewa, sau nawa waya ta mutu kuma me aka yi wa mai ita, sannan a tambayi direbobin Kiyako da Gwaram, ba a gaban jami'ai ba, ko abin da suke kashewa a hanya ya ragu.